Abin da Direba ya gani a hanyar Agadas: kurege ne, ɓera ne, ko yarbu'u?

Direban Albasa: Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya muka sauke kaya a Adjen Kotoku, kasuwar albasa ta wajen Accra a nan Gana, sai yau na samu kaina. Ku duba wannan ɗan bidiyon, ku yi haƙuri bai fita sosai ba, dare ne. Tsakanin Agadas da Abalak taya ta yi mana faci wajen ƙarfe biyu. Muna cikin kwancewa yaron motata ya haska tocila gefen hanya, sai ga wannan abu a tsaye a kan rairayi. Jikinsa bai fi madaidaiciyar albasa ba. Kai irin na ɓera, ido ƙato baƙi wuluk, hannuwa 'yan mitsi-mitsi ya naɗe su ƙarƙashin haɓa, ƙafafun baya kuwa dogaye sirara kamar na tsuntsu. Wutsiyar ta fi jikin tsawo, ƙarshenta da tuntu baƙi da fari. Da yaron ya matsa kusa, bai gudu da ƙafa huɗu ba. Tsalle ɗaya hagu, ɗaya dama, muka neme shi muka rasa. Shekara goma sha ɗaya ina bin hanyar nan, ina ganinsu suna gilmawa a hasken fitila, amma ban taɓa ganin ɗaya kusa haka ba. Yarana sun tsare ni da tambaya na rasa sunan da zan faɗa musu. Wa ya sani?

Tela Maamobi: Wa alaikumus salam. Barka da hanya Alhaji. Ai kurege ne wannan.

Hajiya Mai Koko: Haba Tela, kurege da dare? Ni a Bawku na girma, kurege da rana tsaka yake fitowa ya tone wa mutane gyaɗa. Kuma wutsiyarsa buzu-buzu take tun daga tushe, ga farin zane a haƙarƙari. Wannan ba shi ba ne.

Tela Maamobi: Hajiya, ni ma ba da ka na faɗa ba. Na taɓa karanta tatsuniyoyin Hausa da Turawan da suka fassara, duk inda aka ce kurege sai su rubuta jerboa. Da na nemi hoton jerboa a intanet, wannan abin na Alhaji ne ya fito sak.

Ɗan Nima: Ni dai ɗan kangaru na gani. Ƙila akwai ƙananan kangaru a Sahara ba mu sani ba.

Malam na Fadama: Salamu alaikum. Alhaji, abin da ka gani sunansa yarbu'u da Larabci, wasu Larabawan su ce jarbu'u. Duk wanda ya yi nisa a littafin fiƙihu ya gamu da sunan, ko da bai taɓa ganin dabbar ba. Ni kaina shekara da shekaru ina karantar da babin aikin hajji ina faɗin yarbu'u, almajirai su ce mene ne, in ce wani ɓeran daji ne. Yau ne na fara ganin motsinsa. Allah ya saka maka da alheri.

Ticha Madina: Malam ya faɗi daidai, kuma kalmar jerboa ɗin da Tela ya gani daga wannan Larabcin Turawa suka ɗauko ta. Tela kuma bai yi ƙarya ba, akwai tsofaffin masu tattara tatsuniya da suka fassara kurege haka. Su ne suka yi kuskure. Sun ji labarin wata ƙaramar dabba mai rami mai wayo, suka laƙa mata sunan da suka sani. Hajiya ce ta yi daidai. Kurege dangin Sciuridae ne, yarbu'u dangin Dipodidae, kuma nisan da ke tsakaninsu ya fi nisan da ke tsakanin yarbu'u da ɓeran da ke cin kayan ɗinkinka a shago, Tela.

Ɗan Nima: To ga Turanci ya fara. Ticha a sauko ƙasa.

Ticha Madina: Ba Turanci ba ne ƙanena, Latinanci ne da Girkanci, amma bari in sauko. Ka ɗauka kamar yadda muke sanin mutum a zango. Za a ce wane Bahaushe ne, daga Katsina kakanninsa suka zo, gidan wane, ɗan wane. Daga babba ake gangarowa zuwa ƙarami. Haka masana dabbobi suke yi. Da farko duk dabbar da ke shayar da 'ya'yanta nono aji ɗaya ce, daga giwa har jemage. A cikin wannan aji akwai babban rukuni da ake kira Rodentia, ma'anarsa masu gaigaya. Su ne suka fi kowa yawa, sun haura iri 2,000, wato kusan kashi 40 cikin 100 na dukan masu shayarwa. Shaidar shiga wannan rukuni ɗaya ce, haƙori. Biyu a sama biyu a ƙasa a gaban baki, masu kama da kurfi, ba sa daina tsiro har dabbar ta mutu. Shi ya sa ɓera yake cin ƙofa da wayar lantarki, ba don daɗi ba, in bai goge haƙorin ba zai yi masa yawa.

In kana so ka gani da idonka, ranar da aka dafa gyabji, wanda Asante suke kira akrantie, ka karɓi kan. Ni ina da ƙoƙon kai guda a aji da nake nuna wa yara. Haƙoran gaba jajaye ne kamar na mai cin goro, faffaɗa, na saman da tsaga uku-uku a jikinsu. Bayansu babu fiƙa ko ɗaya, wani fili ne wayam, sannan turame. Ɓera, gafiya, kurege, beguwa, gyabji, yarbu'u, duk haka bakinsu yake, ba fiƙa.

Hajiya Mai Koko: Zomo fa? Shi ma ai haƙoran gaba gare shi.

Ticha Madina: Tambaya mai kyau Hajiya. An daɗe ana lissafa zomo cikinsu. Amma in kika duba bayan manyan haƙoransa na sama, akwai wasu ƙanana biyu a ɓoye. A 1912 aka ware shi da danginsa aka ba su rukuninsu daban. Maƙwabta ne na kusa, amma ba gida ɗaya ba.

Direban Albasa: To shi nawa ɗin, ina gidansu?

Ticha Madina: Alhaji, bisa ga wurin da ka gan shi da wutsiyar nan, na gidan Jaculus ne. Mutumin da ya kafa wannan tsari na ba kowace halitta suna biyu ɗan ƙasar Suwidin ne, Linnaeus. A 1758 ya rubuta wannan dabba da sunan Mus jaculus, wato ya sa ta gida ɗaya da ɓeran gida. A 1777 wani Bajamushe, Erxleben, ya ga bambancin ya yi yawa ya buɗe mata gidanta, shi ya sa yanzu ake cewa Jaculus jaculus. Sunan dangin kuma, Dipodidae, daga 1817 ne, ma'anarsa masu ƙafa biyu. A cikin dangin akwai su yarbu'u, da wasu ɓeraye masu tsalle na Amurka ta Arewa, da wasu ƙanana na dazuzzukan Turai da Asiya.

'Yar Legon: Salamu alaikum iyayena. Ticha, ka gafarce ni, kai ka koya wa yayyena kimiyya, amma wannan na ƙarshen an sauya shi. Haka yake a littattafan da, duka ukun dangi ɗaya. Yanzu da aka bincika sinadarin gado na DNA, an raba su uku. Dipodidae ya zama na yarbu'u zalla, iri talatin da 'yan kai. Masu tsalle na Amurka ta Arewa, da ɗaya a ƙasar Sin, sun koma Zapodidae. Ƙananan nan na Turai da Asiya, waɗanda ma ba su da doguwar ƙafa, sun koma Sminthidae. Duka ukun suna ƙarƙashin babbar inuwa ɗaya, Dipodoidea. Wannan inuwar kuma ita ce 'yar uwar Muroidea, inda ɓeran gida da gafiya suke.

Ticha Madina: Madalla 'yata. Littafin da nake da shi ya tsufa ke nan. Na gode, zan gyara a takarduna.

Ɗan Nima: Kun gani ko? Abin da nake shirin faɗa ke nan. Jiya dangi ɗaya, yau dangi uku, gobe Allah kaɗai ya sani. Wani Bature a ƙasar ƙanƙara da bai taɓa taka Sahara ba ya zauna ya raɗa wa dabbarmu suna, mu kuma mu haddace don jarrabawa. Buzayen da suke kwana da ita suke tashi da ita fa? Ba su da suna ne? Ni wannan abu yana ci mini rai. Yaranmu sun san Jaculus ba su san gyabji ba.

'Yar Legon: Yaya, rabin maganarka ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Abin kunya ne yaro ya tashi a Nima bai san bambancin gafiya da jaba ba, kuma ba Linnaeus ne ya hana mu koya musu ba. Amma sauyawar da kake gani ba rashin tabbas ba ne, ƙarin hujja ne. A da, da ido da ma'auni kawai ake aiki, a duba haƙori da ƙoƙon kai da ƙashi. Yanzu an samu shaida ta biyu daga cikin jini. In shaida ta ƙaru alƙali ya gyara hukunci, ai ba a ce masa maƙaryaci.

Kuma sunan Latin ɗin ba don ya kashe namu aka yi shi ba. Ka duba mu nan kawai. Wani ya ce ɓera wani ya ce kusu. Wani gyabji wani gyazbi, Asante akrantie. In likita a Tamale zai rubuta wa likita a Maiduguri cewa ga dabbar da ke ɗauke da cuta, dole su sami suna ɗaya da ba ya rawa.

Ɗan Nima: To kangarun fa? Ni har yanzu idona kangaru yake gani. Ƙafa iri ɗaya, wutsiya iri ɗaya, tsalle iri ɗaya. Ki ce mini wannan ɗan uwan ɓeran kwata ne?

Malam na Fadama: Kama da wane ba ta wane, ɗana.

'Yar Legon: Allah gafarta Malam, ka taƙaita karatun shekara guda. Yaya, kangaru a jaka take goyon ɗanta, ana haihuwarsa bai kai ɗan yatsa ba ya rarrafa ya shiga. Ita da yarbu'u ba abin da ya haɗa su sai shayarwa. Kai, tsakanin yarbu'u da saniya ma ya fi kusa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, ko a cikin masu gaigaya kansu, wannan siffa ta tsalle da ƙafa biyu ta fito a gidaje daban-daban da ba su gāji juna ba. A hamadar Amurka ta Arewa akwai Dipodomys, in ka gan shi ka rantse yarbu'u ne, har tuntun wutsiya. Amma danginsa Heteromyidae ne, yana da aljihu biyu masu gashi a gefen kumatu da yake zuba iri, kuma 'yan uwansa su ne masu tonon ƙasa na can da dabbar nan mai datse kogi da itace. A hamadar Ostireliya akwai Notomys, shi kuma cikakken ɗan dangin ɓeran gida ne, Muridae. A kudanci da gabashin Afirka akwai Pedetes, ƙato, yana kai kilo 3, shi ma da ƙafa biyu yake tafiya. Wuri huɗu, dangi huɗu, siffa ɗaya.

Dalilin kuwa a fili yake. Ka duba inda Alhaji ya tsaya, ba daji ba duhuwa, ba wurin ɓuya, ga mujiya a sama ga yanyawa da maciji a ƙasa. Abinci kuma a warwatse, sai an yi tafiya mai nisa. Duk ƙaramar dabbar da za ta rayu a irin wannan wuri tana bukatar ta tashi farat ɗaya, ta karkace hagu da dama yadda mai binta ba zai san inda za ta sauka ba. Wuri iri ɗaya ya sa sun yi kama, ba jini ba.

Hajiya Mai Koko: Kamar bushiya da beguwa ke nan? Dukansu ƙaya.

'Yar Legon: Wallahi Hajiya misalinki ya fi nawa. Beguwa mai gaigaya ce, 'yar uwar gyabji ce ma. Bushiya kuwa ba ta cikin rukunin sam, ita da jaba ne 'yan uwa. Ki duba bakin jaba, dogon hanci, haƙora tsini-tsini kamar ƙaya, ƙwari take ci. Ba ɓera ba ce ko kaɗan, ba ta cin hatsi.

Hajiya Mai Koko: Ikon Allah. Shekara nawa ina kashe jaba a ɗakin ajiyar gero ina cewa ita ke yi mini ɓarna. Ashe kyankyaso take ci mini. Amma warin nan nata dai ba a iya zama da shi.

Malam na Fadama: Bari in ƙara wani abu da zai yi wa Ɗan Nima daɗi, don kada a zaci Turawa ne suka fara lura. Ya zo a hadisi cewa akwai dabbobi biyar da mai harami zai iya kashewa babu komai a kansa, ɓera yana cikinsu. Amma yarbu'u ba ya ciki. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi hukunci ga mai haramin da ya kashe kura da rago, barewa da akuya, zomo da 'yar akuya, yarbu'u kuma da 'yar akuya ƙarama da aka yaye. Kun ga ke nan tun wancan zamani an san ɓera daban yarbu'u daban. Ɗaya maɓarnaci ne, ɗaya naman farauta.

Sannan masana lugga sun ce kalmar munafiki ma daga raminsa aka samo ta. Yarbu'u yana yi wa raminsa ƙofofi. Wadda yake shiga ana gani sunanta ƙasi'a'u. Akwai wata da yake tonowa daga ciki har ya kusa ɓullowa, sai ya bar ƙasa 'yar siririya a kai, daga waje ba ka ganin komai. Sunanta nafiƙa'u. In aka zo masa ta waccan, sai ya doki wannan da ka ya fice. To mai shiga addini ta wata ƙofa ya fita ta wata, aka ce masa munafiki.

Direban Albasa: Allahu akbar. Malam, wannan na gani da idona. Akwai wani dare da muka kwana kusa da wani ƙauye, da safe yara suna tona rami ɗaya yana zura kara, sai suka shimfiɗa riga a wani wuri can gefe inda ni ban ga rami ba. Na ce me kuke yi, suka ce nan zai fito. Ban tsaya na ga ƙarshe ba, mota ta tashi.

Ɗan Nima: To Malam ka ƙarfafa ni. Ga malamanmu sun ce ba ɓera ba ne, ga 'Yar Legon ta ce ɗan uwan ɓera ne. Wa za mu bi?

Malam na Fadama: Ba su yi karo ba ɗana. Tambayar ce ta bambanta. Malamin fiƙihu yana tambaya, wannan yana cutar da mutane ko kuwa, ana farautarsa ko kuwa. Ita kuma tana tambayar asali da kusanci. Ai ko a gida ɗaya ana samun ɗan kirki da ɓarawo, hukuncinsu daban, amma ba ka ce ba dangi ba ne.

Direban Albasa: Albasa ba ta yi halin ruwa ba ke nan. Mu muka san wannan.

Baba na Kanda: Yara ku ba ni wuri in sa baki. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya yi yaƙin Bama, kuma a zamaninsu Hausa ce harshen bariki a sojan ƙasar nan. Shi ya fara ba ni labarin wata rundunar tankokin Ingila da ta yi yaƙi a hamadar Masar da Libiya, ana ce musu Ɓerayen Hamada. Hoton da ke jikin motocinsu wannan dabbar ce ta Alhaji, a tsaye da ƙafa biyu. Da na buɗe bidiyon nan shi na tuna.

Ticha Madina: Haka ne Baba, runduna ta 7 ta masu sulke. Allah ya ji ƙan mazan jiya.

Tela Maamobi: Amin. To ni tambayata, akwai shi a Gana? Don na rantse na taɓa ganin wani ɓera ja-ja mai doguwar ƙafa yana tsalle a gonar wani abokina a wajen Dodowa.

'Yar Legon: Kawu, yarbu'u ba ya ƙasar nan. Yankinsa Sahara ne da bakinta, daga Muritaniya da Mali da Nijar zuwa Sudan da Masar, ya haye ƙasashen Larabawa. Sauran danginsa sun fi yawa a Asiya ta Tsakiya. A hamadar Gobi, tsakanin Mongoliya da Sin, akwai mai kunne ƙato da ya fi kansa tsawo, a Baluchistan ta Pakistan kuma akwai wani ɗan firit da yake cikin mafi ƙanƙantar masu gaigaya a duniya.

Wanda ka gani a Dodowa na san shi, don na riƙe shi da hannuna. Da muka fita aikin fili a filayen Accra, da yamma muke ɗana tarkunan gwangwani, mu sa tunkuza da garin masara a ciki, da asuba mu zagaya. Sau da yawa shi muke samu. Bayansa ja-ja kamar ƙasa, cikinsa fari fat kamar an wanke da bula, ido manya, ƙafar baya doguwa. In ka ɗaga leɓensa, kowane haƙorin sama da tsaga guda. Sunansa Gerbilliscus, Turawa suna ce wa irinsu gerbil, kuma wannan kalmar ma ma'anarta ƙaramin yarbu'u. Sunan ya yaudari mutane da yawa. Dangin ɓeran gida ne, yana tsalle in ya firgita amma da ƙafa huɗu yake tafiyarsa.

Hanyar rabewa mai sauƙi ita ce ƙafar baya. Na Dodowa yatsu biyar gare shi. Jaculus uku kawai, kuma ƙasusuwan tafin ƙafar guda uku sun haɗe sun zama sanda ɗaya mai ƙarfi, shi ne abin da Alhaji ya gani kamar ƙafar tsuntsu. Ƙarƙashin yatsun akwai gashi mai kauri da ke hana shi nutsewa a rairayi. Ƙafar baya ta ninka ta gaba kusan sau huɗu. Ba ya neman ruwan sha, abin da ke cikin iri da saiwa da ganye ya ishe shi, da rana kuma ya toshe bakin rami ya kwanta.

Ticha Madina: Ki gaya musu na Pel, shi ne zai ba su mamaki.

'Yar Legon: Yawwa. Ƙaton nan na kudancin Afirka da na ambata, Pedetes, kun san su waye 'yan uwansa mafi kusa? Suna nan dazuzzukan ƙasar nan, a saman bishiya. Wata dabba ce baƙa da fari mai fata tsakanin hannu da ƙafa, tana buɗewa ta yi shawagi daga wannan bishiya zuwa waccan da dare, ƙarƙashin wutsiyarta da ɓawo-ɓawo mai kaifi da take dafa itace da shi. Sunanta Anomalurus pelii, an sa mata sunan Hendrik Pel, wani ɗan Holan da ya yi aikin mulki a gaɓar tekun nan lokacin suna riƙe da Elmina. Ɗaya yana tsalle a fili, ɗaya yana shawagi a kurmi, ido ba zai taɓa haɗa su ba. Ƙoƙon kai da jini ne suka haɗa su.

Ɗan Nima: Kin ga irin abin da nake faɗa. Mafarautan kurmi sun san dabbar nan tun kafin a haifi kakan Pel, amma sunansa ta ɗauka.

'Yar Legon: Wannan kam gaskiyarka ce Yaya, ba ni da ja. Ni ma yana damuna. Maganinsa shi ne namu su shiga fagen, don har yanzu ana gano sababbin iri. Ko shi yarbu'un Sahara da aka daɗe ana ɗauka iri ɗaya ne, a 'yan shekarun nan an gano biyu ne suke zaune kusa da juna, ɗaya ya fi son rairayi ɗaya ya fi son tsakuwa, ana kiran na biyun Jaculus hirtipes. Wanda ya gano ya bayyana, shi yake raɗa suna.

Hajiya Mai Koko: 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Amma ki gaya mini tsakani da Allah, ni mai sayar da koko da ƙosai, me sanin dangin ɓera zai ƙara mini?

'Yar Legon: Amin Hajiya. Kin tuna farkon 2023 da aka sanar an samu zazzaɓin Lassa a Accra, aka tabbatar a cibiyar binciken lafiya ta Noguchi da ke Legon? Cutar ta samo sunanta daga garin Lassa a Borno, inda aka fara gane ta a 1969. Babban mai ɗauke da ita wani ɓera ne takamaimai, Mastomys natalensis, macen tana da nonuwa da yawa jere biyu, yana shiga gidaje da rumbuna, fitsarinsa da kashinsa a kan abinci su ne hanyar kamuwa. In ma'aikacin lafiya bai iya rabe shi da sauran ba, bai san inda zai sa ƙarfinsa ba. Ke kuma abin da ya shafe ki shi ne geronki ya kwana a rufe cikin roba ko ganga mai murfi, kada a shanya shi a ƙasa a bar shi ya kwana.

Ga wani kuma. A 2003 an ɗauki ƙananan dabbobi kusan 800 daga nan Accra zuwa Texas ta Amurka don masu kiwon sha'awa, har da gafiya a ciki. Suka tafi da ƙyandar biri, ta kama wasu dabbobin can, ta kama mutane. Daga nan Amurka ta hana shigo da masu gaigaya daga Afirka. Masu binciken sai da suka bi kowace dabba da sunanta na kimiyya kafin su gane ta inda cutar ta bi.

Tela Maamobi: Gafiya dai ba ta da rana.

Ticha Madina: Tana da ita Tela. A Morogoro ta Tanzaniya ana horar da irinta su shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa, da kuma tarin fuka a cikin majina. Ba ta da nauyin da zai tayar da nakiya, ga hanci. An yi aiki da su a Mozambik da Kambodiya.

Ɗan Nima: To na ji. Ban sauka daga maganata ta suna ba, amma na yarda ba kangaru ba ne. Shawarata ita ce, Ticha da 'Yar Legon ku rubuta mana jeri, sunan Hausa a gaba, na Latin a baya, ba akasin haka ba. Hajiya da Baba su duba na Hausar. Ni zan buga a shagona kyauta a raba wa makarantun allo da na boko na unguwa.

Ticha Madina: Na ɗauka. Ɓera, gafiya, gyabji, kurege, beguwa, sannan zomo da jaba da bushiya a gefe da bayanin abin da ya fitar da su. Na Alhaji za mu rubuta yarbu'u kamar yadda Malam ya faɗa, sai in an samo wani.

Malam na Fadama: Alhaji, in ka koma ka tambayi dattawan wajen, Hausawa da Buzaye da Fulani, kowa yadda yake kiransa. Ka ɗauko muryarsu a waya don kada lafazin ya ɓace.

'Yar Legon: Kuma Alhaji don Allah, in kun kwana a wurin, da sassafe kafin iska ta taso ka duba rairayi. Za ka ga sawu biyu-biyu da tazara a tsakani. Ka ajiye kwalin ashana kusa da sawun don a gane girmansa, ka ɗauka daga sama. Ina so in ƙirga yatsun. Kada yaron motarka ya kama shi da hannu, yana ɗauke da ƙuma.

Direban Albasa: In sha Allahu. Ranar Alhamis muke tashi in an gama biyan kuɗin kaya. Ashana akwai a mota. Hajiya, a ajiye mini koko na asuba ranar, da ƙosai na mutum biyu.

Hajiya Mai Koko: An gama Alhaji. Allah ya kiyaye hanya, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.